Wane Wata Ne a Kan Tebur

Litinin, 28 ga Afrilu, bayan la'asar

Duk wanda ya shigo ɗakin kulob ɗinmu jirgin yake tambaya. Yau ma mahaifin wani ɗalibi ya leƙo ya ce, "Malam Abdussalam, ku kuka ƙera jirgin nan?" Na ce a'a, wani tsohon ɗalibina ne ya aiko mana daga Beljik, da taragunsa da dogonsa. Sai na ga ya saki jiki, wato sauran duk wasan yara ne. Mutane ba su san jirgin ne abu mafi sauƙi a kan teburin ba. Aikin shi ne ƙasar da zai ratsa: tudu, kwari, rumbu, ɗakin mai gadin dogo, bishiya. Kuma ba a ɗebo yashi a ce ga yashi. Komai a teburin an rage shi sau tamanin da bakwai, mutum bai fi gaɓar yatsa ba, don haka ƙwayar yashi ɗaya a wurinsa dutse ce mai cika hannu. Yashinmu toka ce da jar ƙasa da aka tankaɗe.

Ina son wannan bayanin. Na yi wa yara shi ba adadi, kuma har yanzu ina jin daɗin lokacin da idon yaro yake buɗewa.

Dogo na gaske a Ngaundere ya tsaya. Yawancin 'yan kulob ba su taɓa ganin jirgin ƙasa ba sai a waya. Shi ya sa na fara teburin nan, mu ja layin da kanmu har gida, kowace shekara yanki ɗaya. Mun sauko gangaren dutse, mun wuce gonakin auduga. Bana mayo muke yi da gadarsa, busasshen rafi irin namu mai yashi a ciki. Baɗi, in Allah ya kai mu, gadar Binuwai da tashar Garwa. Baɗi jirgi zai shigo gari.

Mesiye Barthélemy ya sake zuwa. Sabon malamin zane ne, a Ngaundere ya tashi, mahaifinsa ma'aikacin tasha. Ni na gayyato shi ya duba mana gadar. Ni da bakina.

Talata, 29 ga Afrilu, kafin shiga aji

Rezar da na sayo ba ta da kirki. Ina yanka ƙafar gada daga kwali, layin sai kaucewa yake yi daga jikin rula. Na ɓata kwali mai kyau. Barthélemy ya shigo neman alli, ya tsaya a kaina, ya ce da Faransanci, "Dwayen, kawo in gwada." Ya ja sau ɗaya, santal. Da rezar nan dai.

Dwayen yake ce mini. Wai girmamawa ce, babba a cikin malamai. Ni dai duk sanda ya faɗa sai in ji kamar an miƙo mini kujera a inuwa an ce in huta.

Laraba, 30 ga Afrilu, bayan an tashi kulob

Madam Hortense, shugabar makaranta, ta kira mu ofis mu biyu. Za a nuna teburin ranar kermes, bikin ƙarshen shekara, 24 ga Mayu. Sai ta ƙara da cewa daga baɗi kowane kulob mutum ɗaya ne zai riƙe mabuɗinsa, kuma bayan kermes za ta faɗi ko wane ne.

Na ce, "Madam, ai kulob ɗin nan bai taɓa samun mai riƙo biyu ba."

Ta ce, "Na sani, Malam. Shi ya sa na ce sai bayan kermes."

Ba fuskata take kallo ba lokacin da take magana. Na sa hannu a aljihu.

A waje Barthélemy ya ce, "Dwayen, ni fa ban nemi komai ba." Na ce na sani. Na kuma yarda da shi. Abin da ya fi ci mini rai ke nan, bai ma nema ba.

Alhamis, 1 ga Mayu, hantsi

Hutu. Zafi har tabarma tana ƙuna. Iyatu, matata, ta daina cika mini kofin shayi, rabi take zubawa. Na ce rowa ta fara ne? Ta ce, "Wankin riguna ne ya ishe ni, Baban Ikram." Sannan ba tare da ta dube ni ba ta ce, "Ranar Laraba za ka je. Na riga na yi magana da su."

"Laraba ranar kulob ce."

"Kulob ba zai gudu ba. Jirgin naku ma zagaye yake yi."

Asabar, 3 ga Mayu, bayan azahar

Khaula ce ta fi kowa hannu a kulob. Tana ajin farko ta zo mini, ko almakashi ba ta iya riƙewa da kyau ba. Ni na koya mata a ɗan jiƙa kwali kafin a lanƙwasa shi. Ni na koya mata a tsufar da bango da garin gawayi, domin sabon gini fes a kan tebur ƙarya yake yi. Yau ta gama shingen gada da tsinken ashana. Ta taso da shi a tafin hannu, ta nufo wajena, na gyara zama. Ta wuce. Barthélemy yana bayana.

"Mesiye, tazarar ta yi?"

Ya rufe ido ɗaya ya ce ta ɗan matso da na ƙarshe. Daidai ne. Abin da zan ce ke nan. Ba a tambaye ni ba.

Na koma wajen bishiyoyina. Gawo ne, jere a bakin mayo, na yi su a hutun bara. Wayar jan ƙarfe ce daga cikin wata fanka da ta ƙone. A haɗa silin waya da yawa a murɗa su zama gindi, a raba su zama rassa, a sake rabawa har su zama ƙaya. A shafe gindin da gam da garin katako. Ganyen kuwa tsohuwar katifa ce, a goga ta a jikin gwangwani mai huji, a rina garin da koren fenti, a manna ɗai-ɗai da hantsaki. Wata guda na yi a kansu, ban sake ko ɗaya ba. Ban san lokacin cewa ya kamata in lura da hakan ba.

Lahadi, 4 ga Mayu, da yamma

Barthélemy da dukkan haƙoransa yake dariya. Yara suna son haka.

Talata, 6 ga Mayu, lokacin tara

Na same su zagaye da shi a ƙarƙashin dalbejiya, yana ba su labarin jirgi na gaske: ƙarar ƙarfe, mata masu tallar zuma da fiya ta taga, yadda mahaifinsa yake gane jirgin kaya tun daga nesa. Ziyad, sarkin surutun kulob, baki buɗe, ya manta da biredinsa.

Ni ma na hau jirgin nan shekarun karatuna a Yawunde. Na ba su labarin zumar nan. Ba su taɓa manta biredi don ni ba.

Na san Barthélemy yaron kirki ne. Ina rubuta wannan don kada in manta na sani.

Laraba, 7 ga Mayu, gab da magariba

Na je inda Iyatu ta ce. Likitan ya sa na miƙa hannuwa, ya ɗora takarda a kansu. Ya ce in taɓa hancina, in je bakin ƙofa in dawo. Ya yi rubutu mai yawa. Abin yana da suna. Ba zan sa shi a nan ba.

Ban je kulob ba. Na bar wa Barthélemy mabuɗi, na yini ɗaya kawai.

Alhamis, 8 ga Mayu, bayan azahar

Akwai ruwa a mayona.

Khaula ce wai ta tambaya ko zai yiwu. Shi kuma dama yana da wani ruwan gam da ɗan'uwansa ya aiko masa daga Duwala, ana zuba shi ya daskare kamar gilashi. Suka share tokar da na tankaɗe, suka zuba daga gaɓa zuwa gaɓa, har ya kama ƙafafun gada.

Tun daga bakin ƙofa nake addu'a ya zama shuɗi ne, irin na hotunan Turawa, in samu abin dariya. Ba shuɗi ba ne. Ja-ja ne mai laka, launin mayo washegarin ruwan sama. Ya hura shi da bututun biro kafin ya daskare, sai ga igiyar ruwa tana karyewa a jikin ƙafar gada. Har da guntun kara yana yawo. Na sunkuya na duba ta ƙarƙashin gadar, na ga hasken taga a cikinsa.

Ziyad ya ce, "Malam, ka ji sanyi-sanyi ko? Ni tun jiya nake son in yi alwala."

Na ce ya yi kyau. Ya yi kyau ɗin. Ban taɓa yin abu mai kyau haka ba.

Ba a tambaye ni ba.

Juma'a, 9 ga Mayu, bayan sallah

A hanyar dawowa daga masallaci na tsaya ƙarƙashin gawon bakin hanyarmu don inuwa, sai na ga inuwar ta fara yagewa. Ganye yana zuba. Hadari ya fara haɗuwa kwanakin nan, shi kuma gawo ya ji.

A nan tsaye na gane. Gawo da rani yake ganye, lokacin da kowace bishiya ta bushe, shi ya sa makiyaya suke sassabe wa dabbobi shi. Damina na sauka ya tuɓe, ya tsaya fari tsirara har ruwa ya ɗauke. Mayo kuwa ba ya cika sai da damina. Cikakken mayo da gawo mai ganye ba sa haɗuwa a wata ɗaya. Yanzu ga su a teburinmu, kafaɗa da kafaɗa.

Na dawo gida da sauri har Iyatu ta ce me aka ba ni.

Lahadi, 11 ga Mayu, hantsi

Na gaya mata. Madam za ta zo duba teburin ranar Laraba. A nan zan yi tambayar, a matsayin darasin labarin ƙasa.

Iyatu tana tsince shinkafa ta ce, "Ka kira shi gefe ka gaya masa mana."

"Yara ma ya kamata su koya."

"Yara." Ta watsar da tsakuwa. "Tun da aka ba ka labarin nan na Laraba ban ga ka ci abinci da daɗi ba sai yau. Yaran ne suka buɗe maka ciki?"

Na tashi na shiga ɗaki. Maganin da aka ba ni yana sa barci da rana.

Litinin, 12 ga Mayu, da safe

Rubutuna sai ƙanƙancewa yake yi, kamar shi ma yana son a rage shi sau tamanin da bakwai.

Talata, 13 ga Mayu, bayan la'asar

Ya tare ni a bakin ƙofar makaranta, ya ce, "Dwayen, da na jira ka kafin in zuba ruwan. Yaran ne suka matsa, ni kuma na ji daɗin kaina. Ka yi haƙuri." Ya ƙara da "useko", wato afuwa, da Fillancinsa na Ngaundere.

Nan ne wurin da zan gaya masa. Bakina ya buɗe ma. Sai Khaula ta wuce a bayan babur ɗin yayanta ta ɗaga hannu ta ce, "Sai gobe, Mesiye." Daga baya ta hango ni ta ƙara, "Sai gobe, Malam."

Na ce masa ba komai.

Laraba, 14 ga Mayu, bayan an tashi kulob

Madam ta zo. Aka kunna jirgi, ya haye gada, hotonsa ya bi ta cikin ruwan. Ta dafa ƙirji ta ce wannan iyaye za su yi magana a kai. Ta dubi Barthélemy.

Na ce, "Yara, tambaya ɗaya. Wane wata ne a kan teburin nan?"

Suka ce Agusta, ai ga mayo ya cika.

"Madalla. Wace bishiya ce wannan a bakin ruwa?"

"Gawo."

"Wa ya taɓa ganin gawo da ganye a watan Agusta?"

Suka dubi bishiyoyin. Khaula ce ta fara ganewa, na ga ta rufe baki da gefen mayafi. Sai sauran suka ɗauka, kowa yana faɗa wa na kusa da shi, da Hausa, da Fillanci. Barthélemy yana ta duban fuskoki har Khaula ta fassara masa. Na jira ya kare kansa. Na shirya amsar kowace kariya.

Ya ce, "Ban sani ba. Wallahi, kamar yadda kuke cewa, ban sani ba. Bishiya mai zubar da ganye da damina? Dwayen, wannan sai ka sake faɗa mini a hankali." Yana murmushi, kamar an ba shi kyauta.

Madam ta ce, "To, a gyara kafin kermes. Ana iya cire ruwan?"

Ya ce ba a iyawa, ya riƙe ƙafafun gada, in an ɓamɓare shi gadar za ta tafi, da shingen Khaula.

Sai Ziyad ya ɗaga hannu kamar a aji. "Ai da sauƙi. A bar ruwan, a cire ganyen."

Duk suka juyo gare ni. A duk kwanakin da na yi ina juya maganar nan, ko sau ɗaya wannan amsar ba ta zo mini ba. Ni da nake koyar da cewa kowace tambaya a duba ta ta gaba da ta baya.

Na ce, "Amsar Ziyad daidai ce."

Me zan ce? Daidai ce.

Alhamis, 15 ga Mayu, da rana

Ba ganyen kaɗai ba. In Agusta ne, duk ƙasar sai ta koma kore. Jar ƙasata, busasshiyar ciyawar da na yi da zaren buhu, duk za a rufe.

Asabar, 17 ga Mayu, bayan isha'i

Ban bar kowa ya taɓa su ba. Na tumɓuke su daga tebur na kawo gida cikin kwalin takalmi. Na zauna da hantsaki. Hantsakin yana ta cizon iska, in ya kama kuma sai ya karya reshe. Na karya biyu.

Iyatu ta tsaya a kaina ta ce, "Da me ka manna?"

"Gam na katako."

Ta tafi ta dawo da kwano da ruwan ɗumi, ta tsoma ɗaya kai a ƙasa. Kafin a kira magariba ganyen ya saki da kansa, ruwan ya koma kamar miyar kuka. Ta jera su a kan faranti su sha iska. Aikin wata guda.

Ta ɗaga ɗaya tana juyawa ta ce, "Ashe haka cikinsu yake. Duk wannan ƙananan rassan ka yi ka rufe su?"

Na ce ai haka ake yi.

"Da ban taɓa gani ba," in ji ta.

Ikram ce ta shafa musu farin fenti mai toka-toka, ina gaya mata inda za ta sa.

Lahadi, 18 ga Mayu, da safe

An yi ruwa. Ƙamshin ƙasa. Ko sama ma ta goyi bayansa.

Talata, 20 ga Mayu, bayan fareti

Ranar bikin ƙasa ce, yara sun yi maci a rana, mu malamai a gefe. Aka ba ni tutar makaranta in riƙe kafin su taso, na miƙa wa na kusa da ni. Shi ne na kusa da ni.

Laraba, 21 ga Mayu, gab da magariba

Yau aka yi ciyawa. An rina garin katako kore iri uku, mai duhu, mai haske, da mai ɗan rawaya. Ana shafa gam a ƙasa, a zuba garin a rariyar shayi, a kaɗa a hankali ya sauka kamar yayyafi. In an kaɗa da ƙarfi sai ya taru tsibi-tsibi. Yara suna ta yin tsibi. Barthélemy ma ya yi nasa tsibin. Na kasa haƙuri na ce a ba ni.

Ban kaɗa ba. Riƙewa kawai na yi, na bi gaɓar mayo da ita. Garin ya sauka sumul, ko'ina daidai, siriri a bakin ruwa, mai kauri a gindin tudu. Na canza launi na sake bi. Ban taɓa samun ciyawa irin wannan ba. Na manta da kowa.

Ziyad ya ce, "Kai, Malam, hannunka kamar don rariya aka yi shi, ko motsa shi ba ka yi, da kansa yake…"

Bai ƙarasa ba. Wani ya taka masa ƙafa, na ji ƙarar. Ba wanda ya dube ni. Yara goma sha wani abu, kowa ya sami abin kallo a ƙasa, kuma ba wanda ya yi mamaki. Wannan ne na lura da shi. Ba wanda ya yi mamaki.

Na gama gaɓar, domin gam ba ya jira a zafin nan. Na ajiye rariya na ce su wanke buroshi.

Alhamis, 22 ga Mayu, da rana

Na aika cewa ba ni da lafiya. Karo na farko da na faɗi haka kuma gaskiya ne.

Juma'a, 23 ga Mayu, bayan la'asar

Na je dasa bishiyoyin. Khaula kaɗai na samu, tana goge dogo. Ta karɓi kwalin, ni ina nuna rami tana sakawa. Muka yi rabi.

Ta ce, "Malam, Ziyad ya yi kuka jiya. Yana tsoron zuwa."

"Ki ce masa ya zo. Bai faɗi ƙarya ba."

Ta dasa wata. "Tun zangon farko muka gani. Shi ya sa nake kai yanka wurin Mesiye. Na ga in na kawo maka sai ka karɓi rezar don ka nuna mini, kuma…" Ta sa hannu cikin kwalin.

Da ta ce don ya fi ni iyawa ne, da ya fi mini sauƙi. Sai na ji kaina ina tambayar yarinya 'yar shekara goma sha biyar, "To amma ya fi ni?"

Ta yi tunani da gaske, yadda na koya mata ta yi kafin ta amsa. "A yanka, i. Ko da can ma, ina jin."

Ko da can ma.

Asabar, 24 ga Mayu, da yamma

Kermes. Ɗakin ya cika har ana layi a baranda. Jirgi bai sauka daga dogo ba ko sau ɗaya. Kowa ruwan yake nunawa, ƙananan yara suna son su taɓa, Ziyad yana tsare da su da rula kamar ɗan sanda. Ya gaishe ni har ƙasa, na ja masa kunne da hannun hagu.

Mahaifin Khaula, Alhaji Hamadu mai shagon yadi, ya riƙe hannun Barthélemy ya ƙi saki, yana cewa ya ji labarinsa a gida kullum. Ni ya ce mini, "Malam, sannu da ƙoƙari."

Na tsaya kusa da gawona yini guda, farare, tsirara, a kan koren ciyawa, daidai da watan Agusta. Ba wanda ya tambayi dalilin da ya sa ba su da ganye. Wata mata ta ce wa ɗanta, "Ka ga waɗannan ba su gama ba."

Lahadi, 25 ga Mayu, hantsi

Na shirya abin da zan ce wa Madam gobe. Zan riga ta. Zan ce, ki ba shi, yaro ne mai hannu, ni na kawo shi. Na maimaita a gaban Iyatu, ta ce ya yi, amma in rage "ni na kawo shi".

Litinin, 26 ga Mayu, bayan azahar

Ban samu na faɗa ba. Ina zama ta ce, "Malam, na yanke shawara Mesiye Barthélemy zai riƙe kulob daga baɗi. Ina fata za ka ci gaba da zuwa." Ta yi maganar shekaruna a makarantar, da kyau, ba ta rage komai ba. Na ce ai abin da na zo faɗa ke nan. Ta ce, "Na gode, Malam," da irin muryar da ake yi wa yaron da ya ce dama ya san amsar.

Na ciro mabuɗin daga zoben. Ya ɗauki lokaci. Ta juya tana neman wani abu a durowa har na gama.

Shi zai shigo da jirgi Garwa.

Talata, 27 ga Mayu

Ba komai.

Laraba, 28 ga Mayu, bayan la'asar

Ina zaune a zaure aka yi sallama da wata irin Hausa. Shi ne, da leda a hannu. Iyatu ta kawo shayi, nasa cike, nawa rabi.

Ya ce ya fara auna yankin baɗi. Gadar Binuwai ba ta ba shi tsoro, tasha ma haka. Amma daga mayo zuwa gari fili ne, kuma filin bishiya ne. Ya ce, "Na kwana biyu ina gwadawa, Dwayen. Kada ka yi dariya."

Ya zazzage ledar. Wayar jan ƙarfe, da wasu abubuwa guda uku. Na ɗauki ɗaya. Gindin miƙe kamar an ja shi da rula, rassan duk tsayi ɗaya, kowanne yana fuskantar ɗan'uwansa. Tsintsiya ce aka kafa kai sama.

Na yi dariya. Na yi har Iyatu ta leƙo. Rabona da jin daɗi irin wannan tun ranar da na tsaya ƙarƙashin gawon bakin hanya, kuma na san daɗin iri ɗaya ne, ban ce ya fi wancan tsabta ba.

Na ce, "Wace bishiya ce wannan?"

"Bishiya dai."

"Babu bishiya dai. Akwai gawo, akwai tsamiya, akwai giginya. Kuma kafin ka murɗa ko sili ɗaya, wane wata ne?"

Ya sosa kai. "Agusta. Ai ka ɗaure mu da Agusta har Garwa."

"Kai ka ɗaure mu."

"Mu biyu," in ji shi. Ban ba shi wannan ba, ban kuma hana shi ba.

Hannuna ya miƙa wajen wayar da kansa. Na dawo da shi, na zauna a kansa. Na ce ya ɗebi sili kamar kaurin fensir, ya riƙe ƙasan, ya murɗa, amma kada ya murɗa daidai, ya bar gindin ya ɗan karkace kamar wanda shanu suka yi shekaru suna soshe jiki da shi. Ya murɗa. Ya fito santal.

"Ka cika iyawa," na ce. "Warware. Ka je bakin hanya ka dubi na gaske, yana nan ya tuɓe, ba abin da ya ɓoye. Ka dawo ka sake gwadawa, ina nan."